Aka Ce In Ce Ni Na Yar da Ita

Shekarar 'yata Bomi goma sha ɗaya a duniya lokacin da dangin mijina suka nemi in yi ƙarya a kanta, ni kuma na yi.

Ita kaɗai muka haifa ni da mijina Taesik. Tana da shekara uku wani likita a Busan ya tabbatar mana tana da lalurar galahanga. Ya ce da ita aka haife ta, ba laifin kowa ba ne, kuma ba ciwo ba ne da za a sha magani ya wuce. Ba ta kallon mutum cikin ido. Ƙara mai ƙarfi tana shiga kanta kamar ƙusa. Maganarta kuwa ta aro ce: abin da ta ji an faɗa shi take ɗauka ta adana, ta yi ta maimaitawa da irin muryar mai shi, wani sati guda, wani shekara.

Ni tela ce, ina gyaran kaya a ɗakin ƙasa na gidanmu a Tongyeong. Taesik injin jiragen kamun kifi yake gyarawa. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Mama, tana da rumfar busasshen kifi a kasuwa shekara arba'in ke nan, duk wanda ya san kasuwar ya san muryarta.

Ban taɓa neman wani babban abu wajen dangin ba. Na taɓa rubuta 'yar takarda na liƙa a jikin firjin Mama: kada a rungumo Bomi ta baya, a rage ƙarar talabijin idan mun zo, in ta toshe kunne a ƙyale ta, kada a danna mata wuya don ta rusuna wa manya. Da muka koma bayan sati biyu, na tarar an shimfiɗa takardar ƙarƙashin tukunyar miya don kada zafi ya ɓata tebur.

"Yarinya ai horo take so," in ji Mama. "Kun mayar da ita ƙwai, shi ya sa. Ubanta ma sai da ya shekara huɗu bai ce uffan ba, ga shi nan yau da gemunsa."

Mutum ɗaya ce ta fita daban a gidan, Miran, ƙanwar Taesik. Ita takan zauna a ƙasa kusa da Bomi, ba ta ce mata komai, sai ta taya ta ware maɓallan riga daga gwangwanina, jajaye gefe, farare gefe. A duk duniya bayan ni, Miran kaɗai Bomi ke bari ta taje mata kai.

A bazarar wannan shekarar aka cire mini wani ƙulli a nono. Ba mugu ba ne, amma kwana huɗun da na yi a gadon asibiti sun ishe ni tunani. Taesik yana fama da hawan jini. In muka kau, wa zai san cewa Bomi ba ta cin shinkafar da miya ta taɓa? A cibiyar da take zuwa karatu suka ba ni wata takarda, wadda ake rubuta sunan ɗan'uwan da zai tsaya wa yaro idan iyayensa ba sa raye. Na nuna wa Miran. Ta karanta, ta ce in ba ta lokaci ta yi tunani. Na mayar da takardar aljihun keken ɗinkina.

Ana cikin haka Miran ta samu miji, wani Jaehun, ɗan mutanen Jinju. Wata ranar Talata da hantsi Mama ta aiko a kira mu. Muka same ta a ɗan ɗakin bayan rumfa, tsakanin kwalayen kifi, Miran na rakuɓe a gefe idonta jawur.

"Maman Bomi, zauna. Kai ma zauna, ka tsaya a kan mutane kamar ɗan sanda."

Muka zauna.

"Mutanen Jinju sun yi bincike," ta ce. "Uwar yaron, shagon magani gare ta, ba a yi mata rufa-rufa. Ta ji labarin yarinyar nan taku. Tana so ta san ko abin a jini yake."

Na ce, "Mama, likita ya ce—"

"Likita ne zai aurar mini da 'ya? Shekararta talatin da huɗu. Sau biyu ana zuwa ana komawa, kin ɗauka don ba ta da kyau ne? Ku saurare ni. Ranar da za mu ci abinci da su, za ki ce tana wata takwas ta suɓuce miki daga goyo a matakala, kanta ya bugu. Shi ke nan. Haɗari ne, haɗari kuwa ba a gadonsa."

Na daɗe ban gane abin da ta ce ba. Da na gane sai na ɗago na dube ta.

"In ce ni na yar da ita?"

"Wa kike so a ce? Ni?"

"To ku faɗa da bakinku mana, in dai sai an faɗa."

"In na faɗa za a ce uwa ce ke kare 'yarta. In ke kika faɗa, wa zai ce akwai uwar da za ta ɗora wa kanta irin wannan a banza?"

Na juya wajen Taesik. Yana kallon maiƙon da ke ƙarƙashin faratansa.

"Maganar minti biyar ce," ya ce, bai ɗago ba. "Mu dai ai mun san gaskiya."

Sai Miran ta rarrafo ta kama gwiwoyina tana kuka. "Anti, ki taimake ni. Ina son sa. Takardar nan da kika nuna mini, ana gama biki ki kawo ta in sa hannu. Bayan ranku Bomi tawa ce, na rantse miki da kabarin Baba. Ɗaki guda zan ware mata."

Da ba ta ambaci takardar ba, da na tashi na fita. Amma ta san inda ke mini ƙaiƙayi. Na zauna ina lissafi a raina: kunyar rana ɗaya, a kan shekara talatin ko arba'in da Bomi za ta yi bayan babu ni. Na ce to.

Na roƙi a bar Bomi a gida ranar. Aka ce a'a, uwar angon ta ce tana so ta ga yarinyar da idonta.

Kwana uku ina shirya ta. Na nuna mata hoton gidan abincin a waya, na gaya mata za mu shiga mota, za mu cire takalmi, za mu zauna a ƙasa, za mu dawo. Na ɗauko mata abin toshe kunnenta, mai kama da na masu jin waƙa. Muna isa ƙofar gidan abincin a Jinju Mama ta fizge shi daga kanta ta cusa a jakarta.

"Kada ki shigar mana da ita kamar matuƙin jirgi."

Ɗaki guda aka ware mana, da dogon tebur cike da ƙananan kwanoni. Uban angon tsohon shugaban makaranta ne, bai yi magana goma ba har aka tashi. Uwar, Madam Seok, siririya ce mai tabarau, ita ke riƙe da zaman. Aka gaisa, aka rusuna, aka yaba wa juna 'ya'ya. Bomi na gefena tana kaɗa hannuwanta a hankali, idonta a kan fankar sama. Ina jin numfashinta yana ƙaruwa duk lokacin da cokali ya bugi kwano.

Da aka kawo gasasshen kifi Madam Seok ta ajiye tsinken cin abincinta.

"Ku gafarce ni, ni mace ce mai faɗin abin da ke cikina. Yarinyar nan, da haka aka haife ta?"

Mama ta zungure ni da gwiwa ta ƙarƙashin tebur.

Na ce, "A'a. Lafiya lau aka haife ta." Muryata ta fito kamar ta wata. "Tana wata takwas, na goya ta ina sauka daga matakala, zanin goyon ya kwance. Ni na yar da ita a matakala. Laifina ne."

A nan muka shirya zan tsaya. Amma Mama ta ga kasuwa ta buɗe.

"Tana waya!" ta ce, ta buga cinya. "Waya take yi da ƙawarta, hannu ɗaya a kunne. Sau nawa ina ce mata ɗaure goyo da kyau? Yarinya kamar tuffa, tana dariya, tana kiran Kaka. Mu danginmu kaf, har kakanni bakwai, babu mai irin wannan."

"Kash," in ji Madam Seok. Ta dube ni ta saman tabarau. "Ina hankalinki yake a lokacin?"

"Ban sani ba," na ce.

"Ga ma tabon nan," Mama ta ce, ta miƙa hannu ta kama kan Bomi ta juya shi. Akwai wani ɗan tabo bayan kunnenta, na ranar da ta bugi gefen tebur tana shekara huɗu, a gidan Mama, saboda ƙarar injin niƙa da na roƙa a kashe. Madam Seok ta taso, ta zagayo, ta tura yatsunta cikin gashin yarinyar tana laluba.

Bomi ta ƙwalla ƙara. Ta faɗi da baya, ƙafarta ta doki tebur, miya ta malale a kan siket ɗin Miran. Ta shiga dukan kanta da hannu bibbiyu. Na rufe ta da jikina ina cewa Mama ta ba ni abin kunnen, Mama na cewa in fitar da ita, in fitar da ita. Na ja ta zuwa farfajiya. Muna zaune a kan dakalin takalma, ina jiyo su a ciki suna tsayar da ranar biki.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Mun wuce gadar shiga gari sai Bomi ta buɗe baki, da muryata sak, har da rawar da ta yi:

"Ni na yar da ita a matakala. Laifina ne."

Sannan ta canja murya, ta buga cinya. "Tana waya!"

Taesik ya ƙara ƙarar rediyo.

Wannan magana ta zauna a bakinta. Ta faɗe ta a bas, ta faɗe ta a layin biyan kuɗi a kanti, ta faɗe ta a ɗakin ɗinkina a gaban mata masu kawo wando a rage musu tsawo. Malamarta a cibiya ta san cewa duk maganar Bomi ta aro ce, kuma ta gane muryar wadda aka aro. Aikinta ne ta kai rahoto, ta kuwa kai. Bayan sati biyu mutum biyu daga ofishin kula da yara suka zo gida, suka duba jikin Bomi, suka duba firji, suka tambaye ni ko ina shan giya. Na fito musu da takardun likita tun daga na farko, na gaya musu gaskiyar abin da ya faru a Jinju. Matar cikinsu ta rufe littafinta, sannan ta ce in yi haƙuri. Sun yarda da ni. Amma maƙwabta sun ga motarsu a ƙofata, su kuma ba su ga takardun ba.

Mama kuwa, don labarin ya tsaya da ƙafarsa in an zo bincike, ta baza shi a kasuwa. Daga layin masu kifi ya tsallaka layin masu kayan miya. Wata mai sayar da kabeji da na shekara goma ina saye a wajenta ta riƙe hannuna tana cewa, "Ashe abin da kike ɗauke da shi ke nan, baiwar nan. Shi ya sa kike wahala da ita haka, ashe biya kike yi."

Kayan da Mama ta sa ranar biki ni na rage mata su, na kwana biyu a kan hannun rigar. Ana saura kwana uku ta ce Bomi ba za ta je ba.

"Zauren biki akwai ƙara, kin ce ƙara na damunta. Don ita muke yi."

A shekara goma sha ɗaya, ranar ce ta farko da wani a gidan ya tuna cewa ƙara na damunta. Tunda ba mai zama da ita, ni ma ban je ba. Na ga hoton daga baya a bangon Mama. An tsaya an cika layi, ba wani gurbi da ya nuna an rasa kowa.

Na bar amarya ta huta. Wata uku ban ce komai ba. Da na kira ta, ta ce suna gyaran gida. Da na sake kira, ta ce tana da ciki, laulayi ya sa ta gaba. Na ce ba komai, lafiya ta fi. Ta haifi namiji. Ranar bikin cikarsa kwana ɗari aka taru a gidan Mama, na sa takardar a jaka.

Jaririn na hannun Miran, kowa na karɓa yana yi masa wasa. Da layi ya zo kaina na miƙa hannu. Sai na ga kafaɗarta ta ɗan juya, kaɗan, kamar mai kare kyandir daga iska.

Wata ƙanwar Mama, Inna Malsun, wadda ba ta san yadda aka ƙulla zancen ba, ta ce, "Ke Miran, kada ki ba ta a tsaye. Bari ta zauna tukuna, a kewaye ta da matasai."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na dubi Mama, ina jira ta tsawatar. Ita da ta ƙirƙiri maganar a gabana, tsakanin kwalayen kifi.

"Ai ba laifin Miran ba ne," Mama ta ce. "Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu."

Na mayar da hannuna. Bomi na lungu tana jera takalman baƙi, ba wanda ya ce mata ga abinci.

Na sami Miran a kicin tana wanke kwalbar madara. Na fito da takardar na ajiye a gefen wurin wanke-wanke, da biro a kai.

Ta dube ta, ba ta taɓa ba. "Anti, yanzu fa ina da nawa."

"Ba yau za ki ɗauke ta ba. Suna kawai ake so. Wataƙila sai nan da shekara talatin."

"Na yi wa surukata maganar. Ta ce ba zai yiwu ba. Ta ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

"Me na ɗebo, Miran?"

Ta ci gaba da wanke kwalbar da ta riga ta fita.

"Ke kin san ban yar da ita ba."

"Na sani mana." Ta ajiye kwalbar. "Wato, lokacin ina makaranta a Daegu. Ba na nan. Ban ga komai ba, ba zan ce ga abin da ya faru ba."

"Kin rantse da kabarin mahaifinki."

"Anti, don girman iyayenki kada ki ɗaga murya, akwai baƙi."

Na ninke takardar na mayar jaka. Gefenta ya jiƙe da ruwan sabulu.

A hanyar gida na gaya wa Taesik. Ya yi ajiyar zuciya ya ce ni ma na cika matsa wa mutane, mai jego ce. Muka yi tafiya kaɗan. Sai ya ce, idonsa a kan titi:

"Akwai wata rana, tana jaririya, da kika kira ni a wajen aiki kina kuka. Kika ce in zo asibiti maza."

"Zazzaɓi ne. Kai ka riƙe ta aka yi mata allura."

"Na sani, na sani. Tambaya kawai na yi."

Shekara goma sha biyar muna tare. Ban ce masa komai ba, don Bomi na kujerar baya, kuma duk abin da na faɗa za ta ɗauka.

Bayan sati guda, da na kai ta cibiya da safe, na hau bas zuwa Jinju ni kaɗai, da takardun likita a jaka. Na yanke shawara zan gaya wa Madam Seok gaskiya. Na yi tunanin in ta san ba sakacina ba ne, za ta bar Miran ta sa hannu, ko da za ta tsane ni don na yi mata ƙarya.

Shagonta na kan kwana, kusa da wani asibitin yara. Ta gan ni, ta nuna mini benci, ta sallami mutum uku tukuna. Sannan ta buɗe 'yar kwalbar abin sha ta miƙo mini, irin wadda suke ba tsofaffi masu jiran magani.

Na tashi na rusuna. Na ce mata abin da na faɗa ranar nan ƙarya ne, ban taɓa yar da 'yata ba, ga takardun. Ba ta karɓa ba.

"Shekara talatin da biyu ina bayan kantar nan," ta ce. "Kin san iyayen irin yaranku nawa ke shigo mini da takardar likita duk wata? Ranar nan 'yarki tana shigowa ɗakin cin abincin na gane. Yadda take kaɗa hannu kawai ya isa."

"Kin sani?"

"Haba, baiwar nan."

"To don me kika sa na faɗa? Don me kika tambaye ni ina hankalina yake?"

Ta cire tabarau tana gogewa da gefen farar rigarta. "Ɗana ya kafe sai ita. Uwar mijina tana raye, shekararta casa'in, ga yayyen mijin nawa mata uku masu baki kamar reza. Ina bukatar abin da zan gaya musu, kuma in ce da kunnena na ji daga bakin uwar. Kin ba ni. Na gode miki, da gaske nake."

"Kin laluba kan 'yata. Kwana biyu ba ta ci abinci ba."

"Ai dole a ga na duba."

 Na ce to, tunda ta san ba ni na ɗebo ba, ta bar Miran ta sa hannu a takardar.

"Wace takarda?"

Na yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai.

"Ni ban hana ta komai ba. Ba ta taɓa kawo mini wannan maganar ba." Ta mayar da tabarau. "Da ta kawo, da na hana, kada in yi miki ƙarya. Amma ba ta kawo ba. Kuma in ba ki shawara, ki bar zancen nan yadda yake. In kika tona, ba ke za a kalla ba, jikana za a fara sa wa ido, duk motsin da ya yi a ce ga shi nan. Ke uwa ce, kin san ciwon hakan."

Wata mata ta shigo da yaro mai tari. Madam Seok ta juya gare ta da murmushi. Na ajiye kwalbar a kan benci ban sha ba, na fita.

Kafin bas ta kawo ni Tongyeong Madam Seok ta riga ta buga wa Mama waya. Na ɗauko Bomi, na zaunar da ita a sama, na sauko na hau keken ɗinki ke nan Mama ta banko ƙofar ɗakin ɗinki, da rigar kasuwa a jikinta, warin kifi na biye da ita.

"Auren 'yata kike so ki kashe? Me muka yi miki? Mun riƙe ki da lalatacciyar 'yarki shekara da shekaru, ba mu ce ɗanmu ya sake ki ba!"

Na tsayar da keken. Na ji wata irin natsuwa, ban ma ji haushi ba.

"Mama, a wace matakala na yar da ita? Nuna mini."

Na ɗauka za ta yi shiru, ko ta kau da kai. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Ta bayan cocin nan mana, mai hawa talatin da wani abu. Kowa ya sani."

Na dube ta da kyau. A fuskarta babu alamar mai ƙarya. Ta faɗa sau ɗari a kasuwa, har ta ga matakalar, ta ga wayar a kunnena.

Ta ce sai na je Jinju na ba da haƙuri. Na ce ba zan je ba. Wannan ne karo na farko da na ce mata a'a tun da na shigo gidansu, kuma bai canja komai ba. Ta tofar da yawu a bakin ƙofa ta tafi.

Takardar na kai wa wata uwa a cibiya, Maman Gyuri, wadda ɗanta ya girmi Bomi da shekara biyu. Ba mu haɗa komai ba sai bencin jira. Na rubuta sunanta a tawa, ta rubuta sunana a tata. Ma'aikaciyar cibiyar ta dube mu ta ce mun san sa'o'in juna ne mu biyun, ko? Muka ce mun sani. Ta buga hatimi.

Da bikin girbi na kaka ya zo, lokacin da ake taruwa a gidan Mama a yi girki don tunawa da kakanni da suka rasu, ban je ba. Shekara goma sha biyar ni ke durƙusawa gaban kasko tun safe ina soya wainar kifi da ta kabewa har bayana ya ƙage. Ana gobe biki wayar Taesik ta yi ƙara muna cin abincin rana. Ina jin muryar Mama daga inda nake zaune. Ba ta tambayi Bomi ba, ba ta tambaye ni ba. Ta ce wa zai yi suyar bana, Miran na da goyo, ita kuma gwiwarta ba ta lanƙwasuwa.

Taesik ya rufe bakin wayar da tafin hannu. "Ko na awa biyu ne, Maman Bomi. Ni sai in zauna da yarinyar a mota."

Na ci gaba da cire wa Bomi ƙaya daga kifinta.

Washegari ya sa kwat ɗinsa ya tafi shi kaɗai. Ya dawo da la'asar da roba cike da ragowar abinci, ya ajiye a kan tebur. Wainar ta kasuwa ce aka sayo, ta yi sanyi, mai ya daskare a kanta. Ya tsaya yana kwance ɗamarar wuyansa, ya ce an yi taro lafiya, jaririn ya fara rarrafe. Ya ce Inna Malsun ta tambayi dalilin rashin zuwana, Mama ta ce mata kunya ce ta hana ni, kuma ai gara haka, tunda yanzu akwai ƙaramin yaro a gidan.